Shekara Huɗu a Bakin Matoya: Demas Nwoko da Yumɓun Arewa

A watan Mayun 2023, a babban taron masu tsara gine-gine da ake yi a birnin Venice na Italiya, an miƙa wa wani dattijo ɗan Najeriya lambar Zakin Zinariya, wadda ake ba wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa sana'ar hidima. Sunansa Demas Nwoko. A lokacin ya haura shekara 85, kuma ba shi da takardar shaidar tsara gini daga kowace jami'a. Takardar da ke hannunsa ta zanen fenti ce, a Zariya ya same ta a 1961. Jaridu sun jero gine-ginensa, masana zane sun tuno da hotunan da ya zana gab da samun 'yancin kai. Amma shekarun da ke tsakani, daga 1965 zuwa 1968, waɗanda ya yi yana cuɗa yumɓu yana toyawa, akan taɓa su da layi ɗaya a wuce. A ganina nan ne gaɓar labarin mutumin, kuma nan ne labarin ya shafe mu, domin ƙasar Arewa ce malamarsa a wannan darasi.

An haife shi a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa, Obi Nwoko na Biyu, shi ne sarkin garin, don haka yaron ya tashi yana kallon ginin fada, kuma gini ya fara shiga ransa. Sai dai koyon tsara gini a wancan zamani bai wuce kwafar abin da aka zana a Ingila ba, shi kuwa yana son ya ƙago nasa, sai ya karkata ga zane. A 1957 ya sauka a Samaru, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, wadda aka dawo da sashen zanenta daga Ibadan a 1955, kuma wadda a 1962 ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello.

Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, manhajar ma ta Landan ce: a koyi ƙirar jikin mutum, a koyi yadda nesa ke ƙanƙanta abu a ido, a jera kwalba da lemo a kan tebur a zana. Tarihin fasaha kuwa daga Girka yake farawa ya ƙare a Paris. Akwai malama 'yar ƙasa, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ita kanta takan yi zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, launi da layi zalla. Amma manhaja ba a hannunta take ba.

Abin mamaki shi ne, 'yar tafiya kaɗan daga ajin, cikin ganuwar Zazzau, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da tubali da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, ga bakan gizo da ke ɗauke da rufinsa, ga zayyanar da aka fito da ita jikin bango da ginshiƙai. Ga kuma fuskokin zauruka da magina suka ƙawata da dagi da da'ira da takobi, duk da hannu aka tayar da su daga ɗanyar ƙasa. Irin zanen da ba ruwansa da siffar mai rai, wanda masu fentin Turai suka yi ta gardama a kansa tun daga wajen 1910, magina a nan sun daɗe suna yin sa, kuma ba a shafe suke yin sa ba, tudu da kwari gare shi, rana na fitar masa da inuwa. Ba wanda ya sa wannan cikin jarrabawa.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da suka kira Ƙungiyar Fasaha. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda a Kafanchan ya tashi, da Simon Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Oseloka Osadebe, da Okechukwu Odita, da shi Nwoko. Daga baya aka laƙaba musu 'Yan Tawayen Zariya, sunan da ya fi aikin nasu zafi, don ba aji suka ƙaurace wa ba. Da rana su yi abin da malami ya sa su, da yamma su haɗu su tattauna, lokacin hutu kowa ya koma ya binciki fasahar mutanensa. A 1960 Uche Okeke ya rubuta manufarsu: a ɗauki dabarar da aka koya wurin Bature a haɗa da gadon gida, haɗin da zai narke ya zama abu ɗaya, ba gamin gambiza ba. Shi ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya kama rayuwar Yarabawan Legas. Abokin karatunsu Jimo Akolo kuwa mahayan Fulani da makaɗan Hausa ya riƙa zanawa, kuma a Zariya ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki.

Nwoko a wannan lokaci fenti ne a gabansa, kuma hannunsa na da ɗaci. Zanensa da aka fi sani ya yi shi a 1960, ya raɗa masa suna Najeriya a 1959. Jami'an mulkin mallaka ne zaune a jere, fuska ta zube, ido ya gaji, a bayansu baƙaƙen dogarai tsaye cikin duhu, da kyar ake rarrabe su. 1959 ita ce shekarar da Arewa ta karɓi mulkin kanta, saura shekara guda Bature ya tattara. Duk wanda ya dubi hoton zai ga mutanen da suka san kasuwarsu ta tashi.

Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu. Nwoko ya tafi Paris ya koyi tsara dandamalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya kama koyarwa a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan a 1963. A Ibadan ɗin ya shiga cikin mutanen kulob ɗin Mbari, inda su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Bajamushen nan Ulli Beier ke haɗuwa. Mbari ce ta baje zanen Ibrahim El-Salahi na Sudan a farkon shekarun 1960, ɗan malamin makarantar allo daga Omdurman wanda ya warware haruffan Larabci ya mai da su layi da siffa. Shi El-Salahi sai a 2018, yana da shekara 88, aka kafa aikinsa na ƙira a wani fili a Landan, kuma itacen da ya sa a ransa gawo ne, wannan mai kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani, wanda ba manomin Bakura da zai nemi a yi masa bayaninsa. Wato shi a ƙarshen tafiya ya fito daga takarda. Nwoko tun yana ɗan shekara 30 ya tsoma hannu cikin laka.

Abin da ya ja shi yana Jos. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba da ke kudancin jihar Kaduna ta yanzu, sun tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye shi ba a san matsayinsa ba. A 1943 aka kawo wa wani matashin jami'in mulki, Bernard Fagg, wanda ya karanci ilmin tonon kayan tarihi, wani kan daga yankin Jama'a. Kafin ya iso hannunsa, a gonar doya aka kafa shi yana aikin mutum-mutumin korar ɓarna. Fagg ya lura kawunan biyu 'yan gida ɗaya ne, ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon leburori su daina fasa abin da suka tono. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, nan kayan suka samu masauki. A shekarun 1960 ya yi tono a Taruga ya samu irin waɗannan siffofi tare da wuraren narka tama. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya kai farkon zaman mutanen Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ginin siffofin kuma zuwa wajen 900.

Wanda ya taɓa ganin kan Nok ba ya manta idon. Gefe uku gare shi, ko kuma sama a miƙe ƙasa a lanƙwashe, an huda tsakiyarsa. Hanci ma a huje, sau da yawa har kunne da baki. Kai ya fi ƙarfin jiki, kitso da duwatsun wuya an yi musu aiki na natsuwa. Masu kallo da yawa a nan suke tsayawa. Tambayar Nwoko ta maginin tukwane ce: yaya aka yi wannan abu ya shiga wuta ya fito bai fashe ba?

Duk maginiyar da ke kai tukwane da tuluna kasuwa ta san amsar rabin tambayar. Yumɓu mai laushi zalla ba ya jure wuta, sai an gauraya shi da abu mai tsakuwa-tsakuwa, yashi ko dakakken tsingaro, don ya samu hanyar numfashi. Dunƙulallen abu mai kauri kuwa, ko ya bushe a waje cikinsa da sauran ruwa, wuta na kama shi tururi zai tarwatsa shi. Shi ya sa mutanen Nok ba curi suka yi suka sassaƙe ba. Ginawa suka yi daga ƙasa zuwa sama, zobe kan zobe, cikin a buɗe, kamar dai yadda ake tayar da randa. Hudar ido da hanci ado ce, kuma ƙofa ce ta fitar iska da zafi. Kyan abin da dabarar toya shi a tare suka zo.

Nwoko bai ɗauki fasalin idon ya manna wa zanensa na fenti ba, ko da yake wannan ce hanya mai sauƙi, kuma da yawa sun bi ta. Ya nemi yumɓu mai gautsi ya haɗa da kansa, ya gina matoyarsa ta itace, yana neman wutar da ta fi ta toyin fili ƙarfi amma ba ta raba aikin da harshen wuta da hayaƙi ba. Bai shafa wa siffofin da ya gina ruwan ƙyalli irin na tangaran ba. Suka fito da launin ƙasa, nan ja, nan ruwan toka, nan baƙin tabo inda itace ya kwanta a jiki. A daidai wannan zamani, a garin Abuja na da, wato Suleja, cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 na aiki, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Can an ɗauki tulun Gwari an kai shi wuta mai tsanani an sa masa ƙyalli, ya zama abin ajiya a falo, har ya yi nauyin da ba a zuwa rafi da shi. Aiki ne mai daraja, hoton Ladi na bayan takardar Naira 20 a yau. Nwoko baya ya nufa, wajen yumɓun da ba a rufe masa fuska ba.

Siffofin da ya gina ba manya ba ne, ana ɗora su a kan tebur. Kuma ba mutanen da can ya gina ba. Akwai wadda ya kira Mace Mai Sarauta, a 1965, cikin kayan girma irin na matan ƙasarsu. Akwai Adamu da Hauwa'u, jigon da ya yi ta komawa gare shi a fenti da itace da yumɓu. Akwai 'Yar Senegal, wadda ta biyo bayan bikin fasahar baƙar fata na Dakar na 1966, inda ya kai wasan rawa mai suna Danda. Babban kai, hujajjen ido, gajeren jiki mai nauyi a ƙasa, duk na Nok ne. Tufafi da tsayuwa da yanayin fuska kuwa na mutanen da yake gani a titi ne. Wasu da barkwanci a jikinsu, irin na wanda ya saba da dandamali ya san yadda tsayuwa kaɗai ke ba da labari.

Akwai wani abu a zaɓin nasa da ya kamata a tsaya a kai. Abokansa kowa gidan ubansa ya koma, Ibo ga uli, Urhobo ga tatsuniyar Urhobo. Ba laifi ba ne, kuma ya haifar da manyan ayyuka. Amma Nwoko ya tsallake garinsu ya ɗauki gadon da ke kwance a Arewa, gadon da ya girmi Hausa Bakwai ya girmi Benin da Ife, wanda ba wata ƙabila ta yau da za ta kafa hujjar cewa nata ne ita kaɗai. Ya yi hakan ne a shekarun da ƙasar ke tsagewa ta bin layin ƙabila. A 1966 aka yi juyin mulki biyu da kashe-kashen da suka kori Ibo daga garuruwan Arewa. A Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, wata guda bayan haka ya shiga Jihar Yamma ta Tsakiya, yankin su Nwoko. Okigbo ya mutu a fagen daga a 1967, Simon Okeke ya rasu a 1969 yaƙin na ci. Cikin wannan hali Nwoko ya gina wani ɗan mutum da hular kwano a 1968 ya kira shi Soja. Idon Nok ɗin nan da ke kallon mutum daga nisan shekara dubu biyu da ɗoriya, da aka sa shi ƙarƙashin hular yaƙi, sai ya koma rami kawai.

Daga nan bai daɗe a bakin matoya ba. Tun 1967 ya fara gina gidansa da ɗakin aikinsa a kan wani tudu a Ibadan, ya sa wa wurin suna New Culture Studios. Dokar gini a birni ba ta yarda da ginin ƙasa ba, sai ya haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan ya buga bulo mai launin wurin da aka haƙo shi. A 1970 limaman ɗariƙar Dominika suka ba shi aikin majami'arsu a Ibadan, a 1972 aka fara cibiyar al'adu ta Oba Akenzua a Benin. Bango mai kauri, taga kaɗan, haske daga sama, iska na shiga ta fita ba na'ura. Mutumin Zazzau ko Katsina da ya shiga zai ji sanyin soro. Wanda ya gina waɗannan shi ne wanda ya shekara huɗu yana koyon abin da ƙasa ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka, da inda za a huda don zafi ya fita. Gine-ginen suka yi suna suka rufe siffofin. Littafin da Chika Okeke-Agulu na Jami'ar Princeton ya fitar a 2015 kan fasahar Najeriya ta zamanin 'yanci na cikin abin da ya dawo da su idon masu karatu.

A Arewa akwai ƙarin dalilin shirun. Hukuncin malamai kan gina siffar mai rai sananne ne, kuma jama'a na girmama shi. Yaro zai gina sa da doki da laka a bakin fadama, ya girma ya bari. Hannun da ke da baiwa sai ya tafi ga rubutun allo da zayyana, ga aikin riga da hula, ga bango da ƙwarya da fata. Wannan ya ba mu fasaha mai zurfi. Sai dai ya sa idan ƙasa ta fito da abin da mutanen farko suka bari, ba mu cika sanin inda za mu ajiye shi a tunaninmu ba. Bautar abu daban, adana shi don a san waɗanda suka riga mu zama a wurin daban.

Ƙasar kuwa ta fito da su, har a nan Zamfara. Abin da Nwoko ya gani a Jos kashi ɗaya ne. Kafin ruwan Kainji ya cika a 1968, masu tono sun samu ƙananan siffofin yumɓu a Yelwa ta Yawuri. Daga baya, musamman a shekarun 1990, wasu iri biyu suka cika kasuwannin Turai. Dillalai suka kira ɗaya Katsina, mai yawan zama a kan abu mai kama da tulu. Ɗayan suka kira shi Sakkwato, mai gira mai nauyi da ta rufo ido, da gemu, da fuska a murtuke. Har zuwa Oktoban 1996 Zamfara cikin jihar Sakkwato take, kuma Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, na cikin wuraren da masana suka ambata cewa an yi wa irin wannan haƙa. Ba masu bincike suka tono su ba. Mutanen ƙauye ne, da diga da shebur, dillali na jira da kuɗi.

Asarar a nan ba ta abin kaɗai ba ce. Kan da aka zaro daga rami ba tare da an auna zurfinsa ba, ba a ɗebi gawayin da ke gefensa ba, ba a ga tukunya ko dutsen niƙan da ke tare da shi ba, ya rabu da labarinsa. Shi ya sa ake iya faɗin abin da mutanen Nok suka noma, gero da wake, amma na Sakkwato da Katsina sunan jiha kawai suke ɗauke da shi. Kwarin gulbin Sakkwato, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, wuri ne mai ruwa da fadama da yumɓu, irin wanda ɗan Adam ba ya tsallakewa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta shafe gonaki da garuruwa, injuna suka baje ƙasa mai faɗi don noman rani. Yau kuma masu neman zinariya na juya cikin ƙasa a sassan jihar, kamar yadda masu kuza suka juya ta Filato. Bambancin shi ne a 1943 an samu wanda ke bin ramukan yana tambaya me aka gani.

Doka tana nan. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A watan Afrilun shekarar ne kuma, zamanin Shugaba Jacques Chirac, aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihin Louvre na Paris, sai ga siffofin da Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam: biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. A 2002 ƙasashen biyu suka daidaita, Faransa ta amince kayan mallakar Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin farko na cika ne a 2027.